Amsar Tambaya: Mene Ne Tsamin Jini?

Malama, Allah ya ba mahaifinki lafiya. Tsamin jinin da likita ya ambata, wanda yake ganewa idan ya auna gishirin jini ya tarar ratar da ke tsakanin sodiyam da jimillar kuloraid da bikabonet ta zarce misalin 12, alama ce ta wata illa ɓoyayya, galibi ciwon sukari da aka yi sakaci da allurarsa, ko gazawar ƙoda, ko ƙwayar cuta da ta mamaye jini, ko guba. Saboda haka, muddin kika ga yana jan numfashi mai zurfi da sauri, ga amai, ga ƙishirwa, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki garzaya da shi asibiti, domin kiyaye rai wajibi ne, jinkiri kuwa halaka.