Bushewar Ido: Mafarinta, Alamominta da Maganinta

Darasinmu na yau a kan ido yake. Hunturu yakan zo da ƙura da hazo da busasshiyar iska, daidai lokacin da ake sussuka da shiƙa. A wannan lokaci mutane da yawa suna kuka da ido: zafi, ƙaiƙayi, da jin kamar an zuba rairayi a ciki. Sau da yawa bushewar ido ce ke kawo haka. Wata bushewar mai sauƙi ce, ana iya rage ta a gida. Wata kuma tana makantarwa, musamman ga yara. Ya kamata kowane mai gida da kowace uwa su iya rarrabe su.

Aikin hawaye

Mun saba ganin hawaye a lokacin kuka. Amma dare da rana akwai ɗan hawaye shimfiɗe a kan ido. Shi ke jiƙa ido, ya wanke ƙura, ya kashe wasu ƙwayoyin cuta, ya sa mu gani garau.

Hawayen nan haɗin abu uku ne. Akwai yauƙi, wanda ke manna shi ga ido. Akwai ruwa, wanda ke fitowa daga wani ɗan ƙullutu da ke bayan fatar ido ta sama. Akwai kuma maiƙo, wanda ke tsattsafowa daga ƙananan kafofi a bakin fatar ido, kusa da gashi. Maiƙon ne ke rufe ruwan don kada iska ta shanye shi, kamar yadda ciyawar da muke shimfiɗawa a kan fangali take hana rana busar da ƙasa. Duk lokacin da muka ƙifta, fatar ido tana sake baza hawayen. Mutum yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a cikin minti ɗaya, bai ma sani ba.

Ido yana bushewa ta hanya biyu. Ko dai ruwan da ke fitowa ya yi kaɗan, ko kuma maiƙon ya gaza, ruwan ya tashi da wuri. Hanya ta biyu ta fi yawa.

Abubuwan da ke kawo ta

1. Iska da ƙura: iskan hunturu, ƙaiƙayin hatsi, tafiya kan babur ba tabarau, da zama gaban fanka.
2. Hayaƙi: na murhu a cikin ɗakin da ba shi da taga, da na taba.
3. Shekaru: hawaye yana raguwa bayan shekara 50. Abin ya fi kama mata, musamman bayan al'ada ta ɗauke.
4. Zura ido ga salula ko talabijin. Mai yin haka yana rage ƙiftawa.
5. Wasu magunguna, kamar na mura da ƙaiƙayi, da wasu na hawan jini.
6. Wasu cututtuka, kamar ciwon sukari, da ciwon da ke kumbura gaɓoɓi.
7. Amodari. Idan ya yi ta dawowa, yana barin tabo a cikin fatar ido. Tabon yana toshe kafofin hawaye, yana kuma juya gashin ido ciki.
8. Rashin bitamin A a cikin abinci.

Alamomi

Ido yana raɗaɗi, yana ja, yana nauyi. Mutum yana jin kamar da tsakuwa a ciki. Haske yana damunsa. Gani yana yin hazo, amma idan ya ƙifta sai ya washe. Abin ya fi tsanani da marece, ko bayan dogon aiki cikin iska.

Akwai alama guda mai ruɗarwa: busasshen ido yakan zubar da ruwa. Idan ido ya ji zafi, sai ya kwararo da ruwa mai yawa a lokaci ɗaya. Amma ruwan nan ba shi da isasshen maiƙo, saboda haka ba ya tsayawa. Kada mu ce tun da ido yana hawaye bai bushe ba.

Abin da za mu yi a gida

Mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa ido. Mu wanke fuska da ruwa mai tsabta bayan aikin gona ko sussuka. Kada mu murza ido, domin murza tana ƙara masa rauni.

Mu yi gashi. Mu tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwa mai ɗumi, mu matse, mu rufe ido, mu ɗora a kai minti 5 zuwa 10. Sa'an nan mu goge bakin fatar ido a hankali. Ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare a cikin kafofi. Mu yi haka safe da dare.

Mai shiƙa ta ba iska baya. Mai babur ya sa tabarau. A dafa abinci inda hayaƙi ke samun mafita. Murhu mai tattalin icce, irin su Mai Sauƙi da Albarka, yana rage cin icce, kuma idan icce ya ragu hayaƙi ma ya ragu. Mai duban salula ya ɗaga kai bayan kowane minti 20, ya dubi nesa, ya ƙifta sosai. Mu riƙa shan ruwa ko da muna jin ɗari.

Maganin asibiti

Idan kwana bakwai sun wuce ba sauƙi, mu je asibiti. Malamin asibiti yakan ba da maganin ɗigawa mai kama da hawaye. Ga yadda ake sa shi: a ɗaga kai, a jawo fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya, a rufe ido minti ɗaya. Kada bakin kwalba ya taɓa ido. Kada mutum biyu su yi aiki da kwalba ɗaya. Wata guda bayan an buɗe ta, a jefar. Ga tsofaffi, bushewar takan zauna, sai su ci gaba da magani.

Kada mu sayi maganin ido a kan tebur ko ga mai talla. Wasu suna ɗauke ja nan da nan, amma idan aka daɗe ana sa su suna kawo hawan jinin ido da yanar ido. Kada mu ɗiga ruwan ganye, ko lemun tsami, ko ruwan sukari, ko nono. Kada a sa kwalli ga ido mai ciwo.

Ga alamomin da ba a kwana da su a gida: zafi mai tsanani, raguwar gani, mugunya, farin tabo a kan baƙin ido, da gashin da ke sukar ido. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura mu wajen likitan ido a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Bushewar ido ga yara

Wannan ita ce mai haɗari. Alamar farko ita ce dundumi: da rana ta faɗi, yaro ba ya gani, yana tuntuɓe, yana laluben kwano. Daga nan farin ido ya bushe, ya yamutse, wani tabo mai kama da kumfar sabulu ya fito a kai. Idan aka yi sakaci, baƙin ido yana narkewa cikin ƴan kwanaki, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Mafarin abin rashin bitamin A ne. Ƙyanda da zawo da tamowa suna ƙarar da wanda ke jiki. Yaron da ke ƙyanda ya ƙi buɗe ido, a kai shi asibiti a ranar.

Tun 1997 ake ba yaran Nijar kafson bitamin A a lokacin kamfen rigakafi. Mai launin shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11 ne. Ja kuma na ɗan shekara 1 zuwa 5 ne. Ana sakewa bayan wata shida. Kafson nan na yara ne. Mai ciki da ke dundumi ta je awo, a ba ta abin da ya dace da ita.

Rigakafin yana cikin lambunmu. Bitamin A yana cikin zogale, alayyafo, karas, kabewa, mangwaro, gwanda da dankali mai jan ciki. Yana cikin hanta, ƙwai, nono, man shanu da manja. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗo, domin mai ke taimakon jiki ya ɗauki bitamin ɗin. A shanya ganye a inuwa, domin rana tana rage amfaninsa. Mai noman rani ya keɓe fangali ɗaya na gida kafin ya kai kaya kasuwa. Jariri kuwa ya sha nonon uwa zalla har wata shida, ya ci gaba da sha tare da abinci har shekara biyu.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku suka haɗu suka zama hawaye?
2. Me ya sa busasshen ido yake zubar da ruwa?
3. Mece ce alamar farko ta rashin bitamin A ga yaro?
4. Waɗanne ganyaye da ƴaƴan itace masu kare ido ake samu a garinku?

Mu tattauna amsoshin a cikin aji, sa'an nan mu karanta darasin ga waɗanda ba su samu zuwa ba.