Lalitar Kirifto a Hannun Bahaushe: Nazarin Ajiya da Tsaro da Gado Daga Limawa ta Dutse

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan lalitar kuɗin kirifto, wato manhajar da 'yan harkar ke kira walat, ta fuskar amfaninta na yau da kullum da tsaronta da kuma darajar abin da ake ajiyewa ta hanyarta. An ɗauki mazaɓar Limawa ta ƙaramar hukumar Dutse a matsayin farfajiyar kawo misalai. Maƙalar ta nuna cewa mallakar kirifto ta rataya ne a kan wasu kalmomin sirri na Ingilishi, kuma wannan tsari ya ci karo da al'adar ajiya ta Bahaushe wadda ta ginu a kan sanayya da shaidu. Karon ya fi fitowa fili a lokacin rabon gado.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ajiya. Yana da asusun yumɓu da ake fasawa idan ya cika, yana da lalita da alabe, yana da rumbu, yana kuma da al'adar mayar da kuɗi tunkiya ko ɗan maraƙi. Idan abin ya fi ƙarfin ɗaka, akwai uwar adashi da attajirin unguwa da ake kai wa amana. Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyi shi ne, ko dai ana ganin dukiyar da ido, ko kuwa akwai wani mutum sananne da za a riƙe wa riga idan ta salwanta.

Kuɗin kirifto ya zo da wani tsari dabam. A watan Oktoban 2008 wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar da ta bayyana tsarin Bitcoin, aka kuma fara aiki da shi a Janairun 2009. Nijeriya ta shiga harkar da ƙarfinta, har kamfanin Chainalysis ya sanya ta ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024, bayan Indiya. Sai dai yawancin matasan Arewa ba ta ƙofar sayen Bitcoin suka shigo ba. Sun shigo ne ta ƙofar abin da suke kira mainin: Pi Network da aka fara a 2019, sannan wasannin latsa waya na Telegram irin su Notcoin da Hamster Kombat da suka game gari a 2024. Dutse, wadda ta zama fadar jihar Jigawa a 1991, ta kuma sami jami'ar tarayya a 2011, gari ne na ɗalibai da ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. Limawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumarta. A irin wannan wuri waya guda ce banki da kasuwa da majalisa, kuma takan ratsa hannaye da dama kafin rana ta faɗi.

2.0 Lalitar da Babu Kuɗi a Cikinta

Kalmar lalita, duk da daɗin faɗarta, tana ɓatar da mai koyo. Wanda ya ji ta zai ɗauka kuɗinsa na cikin wayarsa kamar yadda sulalla ke cikin jakar fata. Alhali kuwa kuɗin rubutu ne kawai a wani kundi na bai-ɗaya da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da manhaja irin Trust Wallet ko MetaMask ke adanawa shi ne mabuɗin da ke ba da ikon sa hannu a ce kaza ya tashi daga wannan adireshi zuwa wancan. Da masu fassara sun kira ta zoben makullai, da sun fi kusantar gaskiya.

Mabuɗin nan ana samar da shi ne daga kalmomi 12 ko 24 da manhajar ke nunawa ranar da aka buɗe ta. Ana tsamo su daga wani tsayayyen jeri mai kalmomi 2,048. Idan waya ta faɗa rijiya, mai kalmomin zai sayi wata, ya shigar da su bi da bi, dukiyarsa ta dawo. Haka nan idan wani ya san kalmomin, zai shigar da su a tasa wayar ko da yana Legas, ya kwashe komai ba tare da ya taɓa wayar mai dukiyar ba. Kundin bai san mai gida ba, bai san ɓarawo ba. Kuma abin da aka tura ya tafi ke nan, babu manajan da zai dawo da shi.

A nan ne harshe ya zama batun tsaro. Jerin kalmomin akwai shi da Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci da Japananci da wasu harsuna ƙalilan, amma babu na Hausa. A ƙaddara wata uwargida a Limawa mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta ji labarin Pi, ta miƙa wayarta ga ɗan maƙwabta ya buɗe mata lalita domin ba ta karanta Ingilishi. Kalmomi 24 suka bayyana, yaron ya ɗauki hotonsu, ya ce ta adana. Daga wannan lokaci mutum biyu ne ke da iko daidai wa daida a kan dukiyar, kuma ɗayansu bai san haka ba. Hoton kuwa yana nan cikin hotunan suna da na biki. Zai je shagon mai caji duk ranar da babu wuta, zai kwana wurin mai gyara idan gilashi ya fashe, zai kuma bi wayar zuwa hannun wanda ya saye ta idan ba a goge ta da kyau ba. Ba a ce waɗannan mutane maciya amana ba ne. Magana ita ce, an bar ƙofa a buɗe alhali ana zaton an kulle.

Wani ruɗanin kuma shi ne yadda ake kiran komai lambar sirri. Lambar katin ATM ana sauya ta a minti guda idan an yi zargin wani ya gani. Kalmomin lalita ba sa sauyuwa. Wanda ya yi zargin an ga nasa, mafitarsa ɗaya ce: ya buɗe sabuwar lalita da hannunsa, ya kwashe dukiyar zuwa can tun kafin a riga shi. Saboda haka duk shafin intanet ko saƙon WhatsApp da ya nemi a shigar da kalmomin domin tantancewa ko karɓar kyauta, tarko ne, ko da yana ɗauke da tambarin kamfanin.

3.0 Ajiya a Hannun Kamfani

Wanda ya ji tsoron riƙe mabuɗi yakan bar dukiyarsa a asusun kamfanin musaya kamar Binance ko Bybit ko Quidax. Wannan ya fi kama da kai amana wurin attajiri, kuma yana da sauƙi: idan an manta lambar shiga, ana iya dawo da ita ta imel da katin shaida. Amma attajirin nan ba a san ƙofar gidansa ba. Kamfanin FTX na cikin manya a duniya lokacin da ya durƙushe a Nuwamban 2022. A gida Nijeriya, kamfanin Patricia ya dakatar da cire kuɗi a Mayun 2023 bayan ya sanar da cewa an yi masa kutse. A Fabrairun 2025 an sace kirifto na kimanin dala biliyan 1.5 daga Bybit, satar da hukumar FBI ta Amurka ta ɗora wa Koriya ta Arewa, ko da yake kamfanin ya ci gaba da biyan masu ajiya. Hukumar NDIC, wadda ta ɗaga inshorar ajiyar bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5 a 2024, ba ta lamunce wa kowa ko sisi a kan kirifto ba.

Matsayin gwamnati ma ya yi ta juyawa. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto, a Oktoban shekarar ya ƙaddamar da eNaira, sannan a Disamban 2023 ya janye haramcin. Wata biyu bayan haka aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, kamfanin kuma ya daina hulɗa da naira a Maris na 2024. A Agustan 2024 hukumar SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko, a 2025 kuma sabuwar dokar zuba jari ta shigar da kadarorin dijital ƙarƙashin kulawarta. Ma'anar wannan ga mai ƙaramin jari ita ce yanzu akwai inda zai duba rajista kafin ya miƙa kuɗinsa.

Da an yi wannan dubawa, da CBEX bai ci mutane haka ba. Wannan dandali ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya karɓi ajiya da USDT, ya rufe a Afrilun 2025, SEC kuma ta tabbatar ba shi da rajista. Lambobin da masu zubi ke gani suna hauhawa a wayoyinsu rubutu ne na shafin kamfanin, ba na kundin bulokcen ba. MMM ce ta 2016 ta sake riga.

4.0 Daraja

Amfanin kirifto da ya fi tabbata a kasuwannin Arewa shi ne na USDT, sulen da kamfanin Tether ya ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Dalili a bayyane yake. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwar da ke saro kayan waya, ko ɗalibin da ke yi wa wani aiki ta intanet a biya shi daga waje, ya sami hanyar riƙe dala ba tare da ya je Wapa a Kano ba. Amma ɗaurin alƙawarin kamfani ne, kuma an ga yadda wani sulen mai irin wannan da'awa, TerraUSD, ya wargaje cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022.

Mayar da USDT naira yawanci ta cinikin mutum da mutum ake yi, wanda ake kira P2P. Kamfani na riƙe sulallan har mai sayarwa ya tabbatar kuɗi sun shigo bankinsa. Wanda ya saki kaya bisa saƙon alat kawai, bai buɗe manhajar bankinsa ya ga kuɗin ba, ya yi sakaci, domin alat na bogi ba ya wuyar ƙirƙira. Akwai kuma haɗarin karɓar kuɗin da ake bin sawunsu: a Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba EFCC izinin daskarar da asusun banki 1,146 a binciken hada-hadar canji. Sannan USDT na tafiya a kan hanyoyi fiye da ɗaya. Adireshin Tron na farawa da harafin T, na Ethereum da 0x, kuma kuskuren zaɓen hanya na iya sa kuɗi su maƙale inda fito da su sai an sha wuya.

Darajar sulallan mainin kuwa wani labari ne. Shekara da shekaru wasu masu Pi suna yaɗa cewa kowane ɗaya zai kai dala 314,159. Da aka buɗe cinikinsa ranar 20 ga Fabrairun 2025, ƙololuwar da ya kai ita ce wajen dala 3, daga baya ya sauko ƙasa da dala ɗaya. Hamster Kombat ya yi iƙirarin 'yan wasa miliyan 300, amma da aka raba sulallansa a Satumban 2024, da yawa sun tarar da daloli ƙalilan bayan watanni suna latsa waya da sayen data da kallon bidiyoyin da aka ɗora musu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk da haka ba za a ce an tashi a tutar babu ba, domin ta wannan hanya ce dubban matasa suka fara sanin adireshi da kuɗin turawa da bambancin lalita da asusu.

5.0 Idan Mai Lalita ya Rasu

A shari'ar Musulunci, wadda kotunan Jigawa ke raba gado da ita, ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura ga magada. Duk wannan ya ginu ne a kan cewa an san dukiyar, kuma hannu na iya kai wa gare ta. Gona tana da maƙwabta, shanu suna da makiyayi, asusun banki yana da takardu. Hatta kamfanonin musaya sukan saki ajiyar mamaci idan an kawo shaidar rasuwa da takardun kotu. Lalitar da mutum ke riƙe da mabuɗinta shi kaɗai ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Alƙali na iya yanke hukunci, amma babu wanda zai aika wa sammaci. Magada za su iya ganin adadin kuɗin a kundi idan sun san adireshin, su yi ta kallo har abada. Ko mai rai bai tsira ba: James Howells na garin Newport a Birtaniya ya rasa ma'ajiyar kwamfuta mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kimanin 8,000 a juji a 2013, kuma a Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙarar da ya shigar domin a bar shi ya tona.

Akasin haka ma fitina ce. Idan ɗa guda ne ya san kalmomin mahaifinsa, zai iya kwashe rabon marayu da na matan mamaci a daren rasuwa, ba tare da an sami shaidar da za ta kama sunansa ba.

Masana'antar tana da wata dabara da ta dace da tunanin Bahaushe game da shaidu, wato lalita mai makullai uku wadda ba ta buɗuwa sai biyu sun haɗu. Mai dukiya ya riƙe ɗaya, ya ba amintattu biyu da ba gida ɗaya suke ba sauran. Sai dai kafa ta na buƙatar ƙwarewar da mai dala hamsin a waya ba zai ɓata lokaci a kanta ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne takardu biyu. Ta farko a haɗa ta da wasiyya, ta faɗi cewa akwai lalita, da sunan manhajar, da irin sulallan da hanyar da suke kai, da inda aka ajiye ta biyun, ba tare da kalma ko ɗaya ta sirri ba. Ta biyu ita ce mai kalmomin, a rubuta su da biro, kowace da lambarta domin jerin na da muhimmanci, a sake duba harafi bayan harafi tun da kuskuren baƙi ɗaya na iya mayar da kalma wata dabam. A liƙe ta a ambulan, a sa hannu a bakin liƙin, a naɗe a leda, a sanya a gwangwani mai murfi saboda gara da yoyon damina.