Amsoshin Tambayoyinku: Farin Tabo a Jikin Kuɗin Azurfa

Wani mai sauraronmu daga Kano ya ce ya sayi tsabar azurfa ta Kanada, sai ga fararen ɗigo-ɗigo sun feso a jikinta. Shin jabu ce, kuma tabon zai fita?

To Malam, kwantar da hankalinka. Wannan ba alamar jabu ba ce. Tabon ya ma fi fitowa a kan sababbin kuɗi masu tsantsar azurfa, irin Maple Leaf na Kanada, mai azurfa kashi 99.99 cikin 100, da Silver Eagle na Amurka. Akasarin masana na ganin tun daga masana'anta yake: ragowar ruwan wankin ƙarfen ne, wanda ba a ɗauraye sosai ba kafin a gasa shi a buga masa tambari. Zafi ya riga ya manne shi da azurfar, sai bayan watanni ko shekaru ya bayyana, shi ya sa sabulu ba ya fitar da shi. Daban yake da baƙin da tsohuwar azurfa ke yi, wanda farar wutar da ke cikin iska ke jawowa.

Wasu kan dirje shi da magogin fensir. Tabon zai dushe, amma gogewar za ta bar ƙananan karce da ba sa gyaruwa, kuma masu tara kuɗi don kyansu suna karya farashi saboda su. Shawarata, kada ka goge. Idan don nauyi ka saya, azurfarka ba ta ragu ba. In za ka ƙara saye, nemi bugun 2018 zuwa sama, shekarar da Kanada ta fara amfani da kariyar MintShield don rage tabon.