Motsa Jiki da Jin Ciwo: Darasin da Ɓera Ya Koya Mana

A Damargu mun san yadda ake ciki da farkon damina. Daga karkarar Tanut har Balbeji, bayan kwana biyu da ɗaukar hauya sai kukan ciwon baya da na kafaɗa ya cika gari. Shin aikin ne ke kawo ciwo, ko zaman da ya gabace shi? Masu bincike sun nemi amsa a jikin ɓeraye.

Yaya ake auna ciwon ɓera?

Ɓera ba ya magana. Saboda haka ana taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn tsinke kamar gashi. In ya yi saurin janye ƙafa, jin ciwonsa ya ƙaru ke nan.

Abin da aka gano

Na ɗaya: a jami'ar Iowa ta Amurka, a 2013, Kathleen Sluka da abokan aikinta sun bar wasu ɓeraye suna gudu don kansu cikin keken juyi har mako 8. Wasu kuma aka bar su zaune. Da aka yi musu allurar da ke jawo ciwon tsoka mai daɗewa, ciwon ya kama na zaune, bai kama masu gudu ba.

Na biyu: waɗannan masana sun ga cewa ɓeran da ya saba zama, in aka tilasta masa gudu har ya galabaita, ciwonsa ƙaruwa yake yi.

Na uku: a jami'ar Arizona, a 2011, ɓeraye masu raunin jijiya sun sami sauƙi da gudun da aka ɗora su a kai har mako 5. Da aka daina, ciwon ya dawo cikin kwanaki kaɗan. Dalili shi ne, motsi yana sa ƙwaƙwalwa ta saki nata maganin kashe zafi, wanda ake kira andofin. Da aka ba su maganin da ke toshe aikinsa, sauƙin ya gushe.

Darasinmu

Ɓera ba mutum ba ne, amma darasin a fili yake: motsi na kullum yana rage ciwo, aikin ƙarfi na farat ɗaya bayan dogon zama yana ƙara shi.

Kada mu kwashe rani ƙarƙashin rumfa. Mu riƙa tafiya da ƙafa, mu fara sharar gona da kai taki da wuri, kaɗan kaɗan.

Shanun noma ma mu riƙa ɗaura musu amalanke makonni kafin ruwan shuka, mu duba wuyansu kowace yamma.

Ciwon da ya zo da zazzaɓi, kumburi ko mutuwar ƙafa kuwa, na likita ne. A je asibiti ba da jinkiri ba.

Tambaya don aji: waɗanne ayyukan rani ne za su shirya jikinmu kafin noman farko?