Tun Da Na Haihu Yarona Ya Canza

Tambaya: Anti, ɗana mai shekara 3 yana mintsinin jaririyata, ya kuma koma fitsarin kwance. Na doke shi har na gaji.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jego, amma ki ajiye bulalar nan. Yaronki kishi yake yi. Jiya shi ne a bayanki, yau an sauke shi, 'yan barka kowa jaririya yake ɗauka. A shekarunsa bakinsa bai iya faɗin abin da ke cin ransa ba, shi ya sa hannu yake faɗa. Fitsarin ma yakan dawo wa yara idan an yi musu ƙani.

In ya kai hannu, riƙe shi, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce: "Na san kana son in ɗauke ka, amma ba a mintsini." Ki sa shi miƙo miki zanen goyo, ki yaba masa. Idan jaririyar ta yi barci, ki ɗora shi a cinya ko na minti 10.

Ki tuna, Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 yana yaro, Annabi bai taɓa tsawata masa ba. Kada dai ki bar yaron da jaririyar su biyu a ɗaki.