Tayar ƙasar ƙanƙara a kan kwaltar Kazaure: abin da mai ƙaramar mota zai duba kafin ya biya kuɗi

'Yan uwana direbobi da masu ƙananan motoci na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura.

Sana'ata faci ce da sayar da taya, kuma a bakin hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure ta nufi Daura nake neman abincina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata irin taya da ta yi yawa a ƙafafun motocinmu, musamman Golf da Peugeot 206 da Civic da Starlet, wadda masu ita ba su san ko wace iri ce ba. Tayar ƙasar sanyi ce, an ƙera ta domin dusar ƙanƙara, sai ga ta tana gudu a kan kwaltarmu a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya rufe tasa ta Ikeja a 2008, kusan duk tayar motar da muke sawa daga waje take zuwa. Sabuwa ta yi tsada, don haka jama'a suka koma wa 'yar Beljiyam, wato tsohuwar tayar da aka yi amfani da ita a waje. A dokar kwastam, tsohuwar tayar ƙaramar mota tana cikin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya, amma kowa ya san ta cika kasuwa. A cikin tarin nan ne tayar ƙanƙara take ɓuya, kuma sau da yawa ita ce ta fi kowacce kyan gani.

Dalilin kyanta yana da sauƙin ganewa. A Jamus, tun 2010 doka ta wajabta sa tayar sanyi idan hanya ta yi ƙanƙara. A Ostiriya kuwa, ba a ƙirga taya a matsayin ta sanyi idan zurfin zanenta ya gaza milimita 4. Saboda haka Bature yakan cire tayarsa ta sanyi tun zanenta yana da sauran zurfi, domin ta daina yi masa amfani a kan ƙanƙara. Idan ta iso wurinmu, mai saye ya sa yatsa a cikin zanen, ya ji zurfi, ya matsa robar ya ji laushi, sai ya ce ya yi tsintuwa.

Laushin nan kuwa shi ne matsalar. An haɗa robar tayar sanyi ne don kada ta sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Mu a nan, ko a tsakiyar hunturu, da asuba kaɗai ake jin sanyi mai tsanani, kafin azahar kwalta ta ɗau zafi. Roba mai laushi a kan kwalta mai zafi tana cinyewa da wuri. Ƙananan tsage-tsagen da aka yi mata don ta kama ƙanƙara suna sa zanen ya riƙa lanƙwashewa, sai mota ta riƙa lilo a kwana, birki kuma ya ƙara nisa kafin ta tsaya. Ga shekarun da ta riga ta yi a can, ga lodin da za mu ɗora mata a nan. Direbobi da dama sun zo mini suna mamakin tayar da suka saya da zane cike ta suɗe kafin damina ta fita. Idan na juya gefenta, mafi yawan lokaci alamar tayar sanyi tana nan a fili.

Yadda za ka gane ta

Ka tsuguna ka duba gefen tayar. Idan ka ga hoton dutse mai kawuna uku da ɗan tauraron dusar ƙanƙara a cikinsa, an gwada tayar nan ne domin ƙasar sanyi. Ka karanta sunanta: duk wadda aka rubuta wa Winter, Snow, Ice ko Alpin, ko sunaye irin su Blizzak da Hakkapeliitta, tayar sanyi ce. Kamfanonin da suka yi su manya ne, tayoyin kuma masu kyau ne a ƙasar da aka yi su dominta. Sannan ka duba fuskar tayar: idan kowane ɗan tubalin zane yana cike da siraran tsage masu karkace-karkace, ita ce. Wasu ma za ka ga ƙananan ramuka a jere, wurin ƙusoshin da ake sawa a Finlan da Suwidin da Nowe.

Haruffan M+S kaɗai ba su isa hujja ba. Ana rubuta su a kan tayoyin da aka yi don kowane yanayi da kuma na motocin daji, waɗanda ba su da laifi a wurinmu. Sai ka haɗa da suna da kuma irin zanen kafin ka yanke hukunci.

Akwai kuma wani rubutu da yawancin tayoyin ƙananan motoci suke ɗauke da shi: kalmar TEMPERATURE, sai harafin A ko B ko C a gabanta. Wannan shi ne juriyar tayar ga zafi, A ce ta fi, C ce ta ƙarshe. Ga mai bin hanyar Kano zuwa Daura da rana tsaka, A nake ba da shawara, in ba a samu ba B. Tayar ƙanƙara sau da yawa ba ta ma ɗauke da wannan rubutu.

Shekarar haihuwar taya

Kowace taya tana da ranar da aka yi ta. Ka nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, kada ka ko tsaya ciniki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakar da cewa a daina amfani da taya bayan shekara 4 da ƙera ta. Kamfanoni irin su Michelin suna cewa a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta kai 5, kuma ko ba ta taɓa taka ƙasa ba kada ta wuce 10. A zafi irin namu, gara mutum ya karkata ga lissafin da ya fi gajarta. Idan ka ga an goge wurin lambobin, ko an kankare an sake bugawa, ka ajiye ta.

Ka kuma sa hannu a cikin tayar ka shafa bakinta, inda take kama rim. Masu fasa-ƙwauri sukan cusa taya uku ko huɗu a cikin juna don su rage wuri, wayar bakin ta lanƙwashe. Irin wannan ko an hura ta ba ta zama daidai, iska tana zurarewa a hankali, wata rana kuma ta yi ƙululu a gefe. Ƙululu a gefen taya ba ya faci. Zaren cikinta ne ya tsinke, kuma babu mai facin da zai iya mayar da shi.

Lambobin girma da lodi

A jikin taya za ka ga rubutu irin 185/60 R14 82T. Lambar farko faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 60 cikin ɗari na faɗin. R14 girman rim ne da inci. Lambar 82 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 475, 88 kilo 560 ne, 91 kuma kilo 615. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, T 190, H 210. Girman da kamfanin mota ya tsara yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a bayan murfin tankin mai, tare da yawan iskar da ake so.

'Yan uwana masu Golf na haya, a nan nake roƙonku. Lodin da aka tsara wa Golf 3 bai wuce kimanin rabin tan ba. Mutum bakwai masu kilo 65 kowanne sun kai kilo 455. A ƙara buhu biyu na gero a but, an haura kilo 650, kuma mafi yawan nauyin a kan tayoyin baya yake sauka. Idan waɗannan tayoyin na baya tsofaffin tayoyin ƙanƙara ne, a ranar kasuwa, da ƙarfe biyu na rana, to an tara duk abin da ke fasa taya a wuri guda. Kada ka sayi tayar da lambar lodinta ta gaza wadda kamfani ya rubuta.

Maganar rim

Samarinmu masu 206 da Civic suna son babban rim na aloyi da siririyar taya, don mota ta yi kyau a ido. Ga lissafin. Tayar 185/60 R14 tana da gefe mai tsayin milimita 111. Idan ka koma rim 16 da tayar 195/45, gefen ya ragu zuwa kimanin milimita 88. Wannan gefen shi ne yake shanye dukan rami. Wanda yake hawa hanyoyin duwatsun Roni, ko yake shiga ƙauyukan Gwiwa da Babura inda kwalta take ƙarewa a faɗa yashi da gargada, yana bukatar kowace milimita ta wannan gefen. Siririyar taya tana matsewa tsakanin bakin rami da rim, ta tsage nan take.

Rim ɗin ƙarfe idan ya bugu lanƙwashewa yake yi, a buga shi ya koma. Na aloyi tsagewa yake yi, kuma wanda aka yi wa walda ba na yarda in ɗora shi a ƙafar gaba. Ga mai yawan tafiyar ƙauye, rim ɗin ƙarfe na asalin girman motar ya fi komai.

Idan kuma dole sai ka canza, ka tabbata ramukan noti sun dace. Yawancin Golf 3 ramuka huɗu ne a kan da'irar milimita 100, Golf 4 ramuka biyar ne, Peugeot 206 kuma huɗu a kan milimita 108. Rim ɗin 206 ba zai zauna a Golf ba. Na sha ganin an faɗaɗa ramin da zarto don a tilasta shi ya shiga. Irin wannan noti yana kwancewa ne a kan gudu. Ramin tsakiya ma sai ya dace, na Volkswagen milimita 57.1 ne, na Peugeot 65.1. In ya yi sako-sako, sitiyari zai riƙa rawa komai yawan balansin da aka yi.

Iska da damina

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a tashoshinmu: da bazara ta shigo sai direba ya ce a rage masa iska don kada taya ta fashe. Wannan kuskure ne mai haɗari. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta ne yake ta lanƙwashewa a kowane juyi, wannan lanƙwashewar ita ce take haifar da zafin da ke raba roba da wayar ciki. A auna iska da safe kafin a fara tafiya, da geji. Bugun taya da ƙarfe ba awo ba ne. Yawancin ƙananan motoci suna son abin da ya kama daga 30 zuwa 33, a ƙara kaɗan a baya idan akwai lodi, gwargwadon abin da aka rubuta a ƙofa. Idan ka iso daga Kano ka tarar iskar ta hau, kada ka sace ta, za ta sauka da kanta in tayar ta huce. Wanda ya rage iska don ya fita daga yashi, ya mayar da ita da zarar ya hau kwalta.

Lokacin da zane yake ceton rai a wurinmu shi ne damina, musamman Yuli da Agusta. Zanen taya hanyar ruwa ne. Idan ya suɗe, ruwa yana shiga tsakanin taya da kwalta, mota ta yi iyo, sitiyari da birki su daina amsawa. A cikin manyan layukan zanen akwai 'yan ƙananan tudu, tsayinsu milimita 1.6. Ranar da fuskar tayar ta yi daidai da su, ta gama aiki, kuma ni nakan ce a canza tun tana milimita 3 idan damina ta ƙarato. Tayar da aka sake yanka wa zane da wuƙa don ta yi kama da sabuwa, a guje ta. Idan taya tana da kibiya a gefe, a ɗora ta yadda kibiyar za ta nuna gaba.

Na san halin da aljihu yake ciki. Ba kowa ne zai iya sayen sababbi huɗu a rana ɗaya ba. In biyu za ka iya, ka sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, ka sa su a baya, domin idan baya ya sulluɓe a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba direban da zai iya riƙe motar. Kada ka haɗa tayar ƙanƙara da ta zafi a ƙafafun gaba biyu ko na baya biyu. Sabuwar taya mai sauƙin kuɗi, mai kwanan wata na kusa, mai harafin A, ta fi tsohuwar tayar babban kamfani da aka yi wa wata ƙasa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda zai sayi 'yar Beljiyam sau biyu a shekara ya riga ya biya kuɗin sabuwa.

Ga abokan sana'ata masu faci da dillalan taya, daga nan har Ƙofar Ruwa a Kano: mai saye ya amince mana ne saboda yana ganin mun fi shi sani. Mu nuna masa kwanan wata, mu nuna masa alamar dutsen, mu gaya masa gaskiya ko da ciniki zai ɓaci. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura kuma, ina roƙon a riƙa duba tayoyin mota kafin a ba ta layin lodi. Kai kuma mai mota, yau ɗin nan ka zagaya motarka, ka karanta gefen tayoyinka huɗu har da safaya. In akwai abin da bai gamsar da kai ba, ka kai wa mai facin da ka yarda da shi ya duba maka.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.