Tausa da Warkewar Gwiwa Bayan Tiyatar Sauya Gaɓa

Gabatarwa

A lokacin da likita ya gama sauya wa mutum gwiwa, ya ɗinke fata, to rabin aiki ke nan aka yi. Ƙarfe da robar da aka dasa ba su da rai, don haka ba sa kumburi, ba sa kuma warkewa. Abin da ke warkewa shi ne naman da ke kewaye da su, wato fata da tsoka da agara da tantanin da ya lulluɓe gaɓar. A wannan darasi za mu duba yadda wannan nama ke warkewa, da irin taimakon da tausa ke bayarwa, da kuma inda takan zama haɗari.

Gwiwa da sauya ta

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya, da ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. Bakin kowannensu yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, tafiya ta zama azaba. A nan ne likita kan kankare wurin da ya lalace, ya sanya hular ƙarfe a bakin ƙashin cinya, da faranti a kan ƙashin ƙwauri, da roba mai tauri a tsakaninsu.

Tun a shekarar 1890 wani likitan Jamus, Themistocles Gluck, ya jarraba gwiwar hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata masa aiki. Samfurin da gwiwoyin yau suka gada ya fito ne a shekarar 1974 daga hannun John Insall da abokan aikinsa a birnin Niyok na Amurka. A yau ana yin wannan tiyata a manyan asibitocinmu, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Yadda tabo ke samuwa

Rauni yakan bi matakai uku kafin ya warke. Na farko shi ne kumburi, wanda ke ɗaukar 'yan kwanaki, inda fararen ƙwayoyin jini ke share wurin. A mataki na biyu, wanda ke kai wa kimanin mako 3, wasu ƙwayoyin halitta da za mu kira masaƙa sukan shiga zuba zaren furotin mai suna kolajin domin cike giɓi. Cikin gaggawa suke zuba shi, ba tsari, kamar zaren da yaro ya hargitsa. A mataki na uku ne jiki ke warware wannan zare, yana sake jera shi, kuma aikin kan ɗauki shekara guda ko fiye. Duk da haka, ƙarfin tabo ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata.

Abin lura a nan shi ne, zaren yana jeruwa ne ta fuskar da ake jan sa. Idan ana lanƙwasa gwiwa ana miƙe ta kullum, sai ya kwanta a tsaye, ya bar gaɓa ta yi motsi. Idan kuwa aka bar ta kwance saboda tsoron ciwo, sai ya liƙe fata da tsoka da tantani wuri guda, gwiwa ta sandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ana auna lanƙwasuwar gwiwa da digiri. Tafiya a fili tana buƙatar kimanin digiri 65, tashi daga kujera kuwa sama da 90. Amma tsuguno da durƙuso da zaman tabarma, waɗanda rayuwarmu ba ta rabuwa da su, suna neman fiye da 130. Ba kowace gwiwar da aka sauya ke kai wa nan ba, saboda haka kowane digiri yana da daraja.

Aikin da tausa ke yi

Masanin gashi da motsa gaɓɓai, wanda ake kira likitan fisiyo, yana amfani da hannunsa ta hanyoyi huɗu.

Na ɗaya, rage kumburi. Yakan shafa ƙafa a hankali zuwa sama, wajen matsematsi, domin taimaka wa ruwan da ya taru ya bi magudanansa. Wannan yana da muhimmanci, domin ruwa a cikin gaɓa yana sa laka ta rage umurnin da take aika wa babbar tsokar gaban cinya, har mutum ya kasa ɗaga ƙafarsa.

Na biyu, rage ciwo. A shekarar 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa akwai wata irin ƙofa a cikin laka. Saƙon taɓawa yana bin jijiyoyi masu kauri da sauri, yana kuma iya tare wa saƙon ciwo hanya. Shi ya sa kake murza wuri idan ka buge.

Na uku, sassauta tabo. Bayan an cire zare, galibi cikin mako 2, kuma fata ta haɗe sarai, sai a riƙa motsa tabon da yatsa zuwa kowace fuska, don kada ya manne da abin da ke ƙarƙashinsa.

Na huɗu, motsa ƙoƙon gwiwa sama da ƙasa da gefe, tare da sassauta tsokokin cinya da suka ɗaure.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya. Sauƙin da tausa ke kawowa na ɗan lokaci ne, kuma ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi. Amfaninta shi ne ta lafar da ciwo, ta buɗe wa majinyaci damar yin atisayen lanƙwasawa da miƙewa da tafiya. Atisayen nan shi ne ainihin magani. Idan gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa duk da haka, likita kan sa wa mutum maganin barci ya lanƙwasa ta da hannu, galibi cikin wata 3 na farko, tun tabo bai ƙeƙashe ba.

Gargaɗi

Al'adarmu ce idan tsoho ya koka da ƙafa, a sa jika ya matsa masa, ko a kira maɗori, ko a yi gashi da ruwan zafi. Bayan wannan tiyata, hakan na iya kashe shi. Jini kan daskare a manyan jijiyoyin sha-raɓa, kuma matsa wurin na iya ɓamɓaro gudan jinin, ya bi ta zuciya ya toshe jijiyar huhu. Saboda haka, idan sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙa suka, kada a taɓa, a garzaya asibiti. Haka kuma idan rauni ya yi ja, yana fitar da ruwa, ga zazzaɓi. Kada a shafa mai ko wani haɗi a raunin da bai rufe ba, domin ƙwayar cuta idan ta kama jikin ƙarfe, fitar da ita kan buƙaci wata tiyatar.

Aikin aji

Malam ya sa ɗalibi guda ya kwanta rigingine, ya miƙe ƙafa, a ɗauki wannan a matsayin digiri 0. Sai ya jawo diddigensa zuwa cinya, abokinsa ya auna da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi. A sake aunawa yana zaune a kujera, sannan yana tsugune. Daga nan ɗalibai su amsa: me ya sa gwiwar da aka bari ba motsi take sandarewa, kuma me za ka gaya wa kakarka idan ta ce ka matsa mata sha-raɓa kwana 10 bayan tiyata?